Musayar waƙa kan Malam Ip Man da damben Win Cun

Ɗan Tsayuwa:
Sallama gare ku, malamai da 'yan'uwa,
Ip Man nake nufi, gwanin Win Cun da koyarwa,
Ɗan Foshan ta ƙasar Sin, 1893 shekarar haihuwa,
Gun Chan Wah-shun ya ɗauki darasin farawa.
To ku faɗa mini, masu sani da ganewa,
Me yake bai wa sabon ɗalibi ran zuwa?

Mai Ƙafar Turmi:
Tsayuwa ce, Malam, darasi na ɗaya,
Buɗe ƙafafu faɗin kafaɗa, ka miƙe baya,
Yatsun ƙafa su dubi ciki, gwiwoyi su bi hanya,
Ka matso su kamar ka maƙale akuya,
Daga nan ma sunanta, "tsayuwar maƙale akuya", ya fito, gaskiya.
In ƙugu bai shigo gaba ba, turi ɗaya
Zai kai ka ƙasa. In ka tilasta gwiwa, ka sha wuya.

Ƙanin Malam:
Yaya, ka kafa ƙafa, bari in ɗora hannu a kai,
Siyu Nim Tau ce salon farko gun ɗalibai,
Ƙafa ba ta motsi, hannuwa ke aiki kaɗai,
Tan Sau sau ɗaya, tafi na kallon sama sarai,
Fuk Sau sau uku, wuyan hannu a lanƙwashe, a hankali ƙwarai,
Gwiwar hannu tazarar dunƙule ɗaya da jiki dai,
Tana bin layin tsakiyar jiki, a nan aikin yake sosai.
In ta buɗe gefe, naushi ya sami hanyar kai,
In kafaɗa ta ɗaga, ƙarfi ya maƙale nan tsai.

Mai Tarihi:
A 1949 Hong Kong Ip Man ya yi wa ƙaura,
1950 gun ƙungiyar ma'aikatan gidajen abinci koyarwa ya fara,
Leung Sheung ne ɗalibin farko, Wong Shun-leung ya ƙara,
Burus Li ma ya koya gunsa cikin samari da yara.
Ci Sau suke yi, damtse kan damtse ana juyawa ba sarara,
Fata ke jin nufin abokin gwaji kafin ido ya lura,
Mai danna hannu da ƙarfi, a zame masa ya faɗi, ba gyara.

Ɗan Tsayuwa:
Madalla! Saura mutum-mutumin katako na bugu,
Hannu uku, ƙafa ɗaya, kututture mai tsayin da ya wuce ƙugu,
Motsi 116, ana zagaya shi dama da hagu.

Mai Ƙafar Turmi:
A Foshan binne gindinsa ake yi a ƙasa,
Gidan bene na Hong Kong ba wurin haƙa masa,
Sai aka rataye shi kan filanki biyu jikin bangon nasa,
Yana ɗan lanƙwasa ya maido wa hannu amsa.
Kusurwa da tazara ake koya, ba a nufin fasa,
Mai dukansa da ƙarfi damtse kawai zai kumbura masa.
Ip Man kuwa, makonni kafin ciwon dajin maƙogwaro ya ci ƙarfinsa,
An ɗauki salo biyu da aikin katakon a fim da izininsa,
2 ga Disamba 1972 ce ranar rasuwarsa.