Gaban Hilux ɗina ya duƙa: in sa kal ko in canza resor?

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina da Hilux Vigo ta 2010, kat-kat (mai ja da tayoyi huɗu), da ita nake kai gero da dusa daga Maradi zuwa Dakoro, wani lokaci in zarce har Bermo. Bara na sa aka ƙera mini ƙarfen kariya a gaba saboda dabbobin da ke tsallaka hanya da dare, mai waldar kuma bai yi rowar ƙarfe ba. Tun daga nan motar ta sunkuyar da kai kamar tunkiya a tsakar rana. In na bar kwalta na shiga rairayi, farantin ƙasan inji sai ya riƙa sharar tudun da ke tsakanin sawun taya biyu. Wani yaro a garejinmu ya ce a sa kal, wato faifan ƙarin tsawo, a saman amortiso (abin da ke shanye girgiza) don gaba ya zo daidai da baya, aikin yini ɗaya ne. Masu sani, mi kuka gani?

Direba daga Tasawa:
Wa alaikumus salam. Alhaji kada ka ɓata kuɗinka. Akwai noti a ƙarƙashi, a ƙarshen bar torsiyon (sandar ƙarfen da ke ɗauke da nauyin gaba), a ɗaure shi kaɗan gaba ya tashi. Ni haka aka yi wa tawa, ko jika biyu ban biya ba.

Makanike a Ali Ɗan Sofo:
Daga nan Maradi nake magana. Malam na Tasawa, taka tsohuwar Hilux ce, irin ta kafin 2005, shi ya sa. Vigo ba ta da bar torsiyon, resor mai murɗiya gare ta a gaba, yana zagaye da amortiso, lam kuma, wato resor mai falle-falle, a baya. Babu notin da za a ɗaure. Kai ma in ka matsa wa naka da yawa za ka ji motar tana dukan ƙashin bayanka a kan hanya mai gargada.

Alhaji, kafin a taɓa komai a auna. Ka tsayar da ita wuri mai siminti, babu kaya, iska daidai a tayoyi huɗu. Ka sa mita daga tsakiyar janti zuwa bakin ƙarfen da ke saman taya, kowace kusurwa ka rubuta. Daga ƙasa ba a aunawa, don taya na iya yi maka ƙarya. Sannan ka loda buhunan da ka saba ɗauka ka sake aunawa.

Dalilin da ya sa na ce haka: motar kaya daga kamfani ake fito da ita baya ya fi gaba tsawo. Da gangan ne, don in an ɗora kaya baya ya sauko ta daidaita. In ka daidaita ta tana wofi, ranar da ka zuba gero hanci zai kalli sama, sitiyari ya yi sakwa-sakwa, fitilunka su riƙa makantar da masu tahowa a hanyar Kornaka. Mai yawo cikin gari da bodi wofi shi ke neman daidai-wa-daida, kai ba shi ba ne.

Mai sayar da kayan gyara a Sabon Gari:
Kal ɗin akwai ta, ta alminiyom da ta roba mai tauri. Sai dai mutane suna kuskuren lissafi. Amortiso ba a bakin taya yake zaune ba, a kan tiriyangil, hannun ƙarfen da ke riƙe taya, yake daga ciki, saboda haka kal mai kauri santimita 2 da rabi tana iya ɗaga motar kusan santimita 4 zuwa 5. Wani sai ya zo ya ce a ba shi mai kauri 5, ya tafi, bayan wata guda ya dawo neman rotil, mahaɗin da ke haɗa tiriyangil da taya. Ni ciniki ne gare ni, amma gaskiya ɗaya ce.

Makanike a Ali Ɗan Sofo:
Allah ya yi maka albarka, abin da zan ƙara ke nan. Kal ba ta ƙara wa resor ƙarfi ko kaɗan, ɗaga motar kawai take yi. In resor ya gaji, bayan an sa kal gajiyayye ne dai. Motar Alhaji ta haura shekara goma a hanyar arewa, ga ƙarfe mai nauyi rataye can gaba da tayoyi, inda nauyi ya fi cin resor. Ni da tawa ce, resor zan canza da mai ɗaukar nauyi, tare da amortiso, hagu da dama lokaci guda. Irin na Old Man Emu, na Ostareliya, ana yin su mataki-mataki gwargwadon nauyin da ke gaban mota, sai dai tsada, kuma a kula da jabu.

Ko kal ko resor, kada a wuce santimita 5. Sama da haka kardan, sandar da ke juya tayar gaba, yana karkata da yawa, robarsa ta tsage, rairayi ya shiga ya haɗu da giris ya zama kamar dutsen niƙa. Za ka fara jin ƙas-ƙas in ka karya kwana, kuma ba a Maradi zai mutu maka ba, sai ka yi nisa. Rotil na sama shi ma yana shan wahala in taya ta faɗa rami.

Abu biyu kada a yi wasa da su. Cire resor daga amortiso sai da abin matse shi, ba da igiya da ƙarfin yara ba, in ya kuɓuce yana karya hannu. Kuma notocin tiriyangil ba a ƙarasa ɗaure su sai mota ta sauka kan tayoyinta, in ba haka ba robobin ciki su murɗe su yage. Daga nan a wuce paralelisim, wato saita tayoyi, kai tsaye, a kuma saita fitila.

Tsohon direban Bermo:
Ƙanena, ka ji maganar makanike. Amma ka sani, ko ka ɗaga gaba, tulun gadar baya, kumburin ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyin baya, yana nan inda yake, taya ce kaɗai ke ɗaga shi. Mu a rairayi iska muke ragewa, mu sa kat-kat tun kafin a shiga, ba sai ta nutse ba. In an hau kwalta a mayar da iskar. Sannan a rage lodi, buhu takwas na kilo 100 da mutane a sama ai an kai maƙura.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na auna da safen nan. Babu kaya: gaba hagu santimita 49, gaba dama 51, baya 58 duka biyu. Da buhu takwas baya ya sauko 52. Amortiso na hagu kuma na ga ya jiƙe da mai.

Makanike a Ali Ɗan Sofo:
To ka gani, da kaya bambancin bai kai abin da kake zato ba. Hagu ne ya zauna, gefen direba, amortiso kuma ya tafi. Manta da kal. Sabon resor da amortiso biyu, a nemi gaba ya tsaya wajen 53 ko 54, a bar baya yadda yake. In za ka sayo, ka tafi da lambar shasi a rubuce, kuma ka sa a ɗora ƙarfen gaban nan a sikeli tukuna mu san nauyinsa.