Ni da Hajiya duk mun yi ritaya: mota ɗaya za ta ishe mu?

Baban Hadiza, Garwa:

Assalamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Na yi ritaya daga Sodecoton, kamfanin auduga na Kamaru, bara, Hajiya kuma ta ajiye alli tun kafin ni, malamar firamare ce. Motoci biyu ne a gidan: tsohuwar Corolla tawa, da ƙaramar Starlet ɗinta da ta saya da kuɗin adashi. Da muna aiki kowa da hanyarsa, ba a ma ta da maganar. Yanzu fansho kaɗai ke shigowa, litar fetur kuma sefa 840 tun Fabrairun 2024, abin da muke saye 630 a farkon 2023. Zuwa-zuwa, wato fetur ɗin fasa-ƙwauri daga Najeriya da muke rage zafi da shi, tun da Najeriya ta cire tallafi shi ma ya daina arha. Ga inshora biyu da kuɗin binyet (harajin mota) a ciki, ga bizit teknik (binciken lafiyar mota) biyu, ga batir da zafin Garwa ke kashewa ko motar ba ta motsa ba.

Fitata ba yawa: gona a hanyar Pitowa, kasuwar Pitowa ran Lahadi, Juma'a, sai asibiti duba hawan jini. Hajiya ce mai zirga-zirga. Islamiyya da safe, suna, biki, gaisuwar rasuwa, ɗauko jikoki daga makaranta a Rumde Aja. Ban yi mata maganar ba tukuna. Akwai wanda ya gwada zama da mota ɗaya, yaya ta kaya?

Maman Abdu, Marwa:

Wa alaikumus salam Alhaji. Ba ka faɗi wacce za a sayar ba, amma duk macen da ta karanta ta gane. Da bakinka ka ce ita ce mai fita, kuma kuɗin adashinta ne. To me ya sa tata za ta tafi?

Mu mun yi haka shekarun baya, tawa aka sayar. Kuɗin mai ya ragu, wannan gaskiya ne. Amma sau nawa zan shirya, na yafa mayafi, kwanon tuwon suna a hannu, mota tana tsaye a ƙofar gida, makulli yana aljihun Malam, Malam yana majalisa wayarsa a kashe. Ƙarshenta sai in tari babur, miya tana zuba a zani. Ba mugunta yake yi ba, Allah ya sani, shi dai a ransa motarsa ce, ni aro nake yi. Mace mai shekara sittin da ta saba tuƙa kanta, ta koma tambayar "ko za ka fita da mota yau?", akwai ciwo. In dai za ku yi, a yanka makulli biyu, kuma a rataye su a ƙusa, ba a aljihu ba.

Usta na Ngaundare:

Hajiya ki yi haƙuri, ni ta fannin ƙarfe zan yi magana. Baba, Starlet ba za ta kai ka gona a watan Agusta ba, ba ta da ƙarfin Corolla, buhu uku na masara ma sai ta zauna a kan tayoyinta. Corolla kuwa kayan gyaranta ba sa wahalar samu, daga Najeriya suke shigowa. Kuma motar da ake ajiyewa ba ta hutawa, lalacewa take: batir ya mutu, taya ta tsage, ɓera ya ci waya. Tafiya mai nisa, kamar zuwa nan wajenmu kilomita kusan 275, ku hau bas kawai, ya fi muku sauƙi a jiki da aljihu.

Maman Abdu, Marwa:

Usta, gona wata nawa ce a shekara? Suna da rasuwa kuwa ba su da damina.

Ɗan Fulɓere:

Baba, abu ɗaya nake jin tsoro, kada ku ce kilando, wato babur ɗin haya, zai cike gurbin. Mahaifina ya faɗo daga babur a yashi, ba gudu ake yi ba ma, ƙugu ya goce, har yau da sanda yake tafiya. Ƙashin dattijo ba ya ɗinkewa da wuri. In dole ne, ku sami yaro ɗaya natsattse a unguwa, ku riƙe lambarsa, ku riƙa biyansa a wata.

Kuma kada ku yi gaggawar kiran dillali. In inshorar ɗaya ta ƙare, kada a sabunta, a cire batir a kai motar gidan wani ɗan'uwa, ku ga yadda zaman zai kasance har bayan damina. In ya yiwu sai a sayar. In aka sayar aka dawo ana nema, kuɗin da aka karɓa ba zai sayo irinta ba.

Baban Hadiza, Garwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ashe Hadiza tana nan dandalin, ta kai wa uwarta waya ta karanta mata komai kafin in buɗe baki. Hajiya ta yi dariya, ta ce a gaida Maman Abdu. Ta yarda a jingine Starlet in inshorarta ta ƙare a watan Yuni, da sharaɗi biyu: safiya tata ce har azahar, kuma in an sayar kuɗin nata ne, ba na taki ba. Na yarda da na biyun. Na farkon ne muke ta ja, don gona ba a zuwa mata da rana tsaka, ran Lahadi kuma ni ina son Pitowa, ita a ranar ake taron adashinsu. Usta, kujerar direba ta Corolla ta maƙale a baya, ƙafarta ba ta kai kuloci sosai. Gyara ake yi ko sai an canja layin kujerar gaba ɗaya?