Filashin ɗalibai na komawa shortcut a kwamfutar shagona, ina mafita?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da shagon buga takardu da fotokofi kusa da wata makaranta a nan Kano. Kwamfutar tebur ce ta gwanjo, Windows 10 ke kanta. Yau sati biyu ke nan, duk filashin da aka soka mata sai foldojin ciki su koma shortcut, masu ɗan kibiyar nan a gindi. Jiya wata ɗaliba ta kawo furojet ɗinta na shekarar ƙarshe, babi biyar cur, muka buɗe babu komai sai shortcut guda ɗaya. Ta zauna a kan bencin shago tana ta kuka, ni kuma gumi ya jiƙe min riga. Yarona ya ce mu yi wa filashin format, na ce ya dakata. Filashin na aljihuna yanzu haka. Don Allah a taimaka.

Mai gyara daga Farm Centre:
Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ne ya taimake ka da ka tsayar da yaron nan. Aikin yarinyar yana nan lafiya lau, cutar kwamfuta ce, wato virus, ɓoye shi kawai ta yi. Kada ka kuskura ka danna shortcut ɗin, dannawar ce ke tayar da ita. Nemi wata kwamfuta mai tsabta, soka filashin, ka ga harafin da ta ba shi, a ce E. Buɗe Command Prompt ka rubuta:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Danna Enter, ka ɗan jira. Fayilolin za su fito, wani lokaci cikin wata folda marar suna, sai ka leƙa ciki. Kwashe su tukuna, bayan nan ka yi format ɗin da yaron ke ɗoki.

Wata malamar kwamfuta:
Gaskiya ne, amma filashin ba shi ne tushen ba. Cutar tana zaune a kwamfutarka, gobe wani ya kawo nasa ta sake kamawa. Shiga Windows Security, ka zaɓi Microsoft Defender Offline scan. Kwamfutar za ta kashe kanta ta tashi, Defender, wato maigadin Windows mai kama cuta, ya yi bincike kafin Windows ya gama buɗewa, lokacin da cutar ba ta samu damar ɓuya ba. Tambaya ɗaya, Alhaji: Office ɗin da ke kanta na asali ne?

Mai tambaya:
Malama, fasasshe ne. Yaron ya ce sai da ya kashe Defender kafin Office ɗin ya shiga, kuma ina jin bai sake kunna shi ba.

Wata malamar kwamfuta:
To ai ka ji. An sallami maigadi, an bar ƙofa a buɗe. Cire fasasshen Office ɗin, kunna Defender. LibreOffice kyauta ne kuma yana buɗe takardun Word, sai dai wani lokaci tsarin shafi kan ɗan goce, don haka a duba kafin a buga. Yaron kuma a buɗe masa asusun shiga kwamfutar na talaka, marar ikon saka manhaja, kada ya riƙa aiki da na administrator.

Wani ɗan uwa daga Zariya:
Kada a manta, Microsoft ta daina ba Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0, wani sashen tsaro a cikin kwamfuta, kuma in injin Intel ne sai na ƙarni na 8 zuwa sama, na gwanjo da yawa ba su kai ba. Ni Linux Mint, wani madadin Windows, na saka a tsohuwar tawa, wannan cutar ba ta aiki a kansa. Amma in kana amfani da CorelDraw wajen katin biki, kada ka fara, ba ya hawa. Ni dai yanzu ɗalibai ta WhatsApp suke turo min PDF, filashi sai in dole.

Mai tambaya:
Alhamdu lillahi! Na gwada a kwamfutar maƙwabcina, babi biyar ɗin sun fito cikin folda marar suna, har da hotunan bikin yayarta. Na kira ta, tana hanya. Defender na kan bincike yanzu, fatana kada a ɗauke wuta kafin ya gama. Malama, ta ina ake buɗe wa yaron asusun nan?