Wane koci ne ya fi kowa a NFL? Yaro ne aka ba aikin gida

Baƙon Ohayo: Assalamu alaikum jama'a. Taimako nake nema. Babban ɗana ne aka ba su aikin gida, kowa ya rubuta shafi biyu a kan kocin da ya fi kowa a tarihin NFL, wato babbar gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, ya kawo hujja. Kun san shekarata biyu kacal a ƙasar nan, har yanzu ban gane abin da ya sa ake tsayar da wasan nan minti-minti ba. Wa zan ce ya ɗauka? Ran Juma'a za su miƙa.

Ɗan Boston: Wa alaikumus salam. Bill Belichick. Kofin Super Bowl, wasan ƙarshe na fitar da zakara, har 6 da ƙungiyarmu ta Patriots, babu kocin da ya kamo shi. Magana ta ƙare.

Direban Bironks: Ta ƙare a gidanku dai. A 2007 kun ci wasa 16 cif ba a doke ku ba, kuka zo ƙarshe Giants ta zaunar da ku 17 da 14. Bayan shekara huɗu muka maimaita muku, 21 da 17. Tom Coughlin ne duka biyun.

Ɗan Boston: Yaya Direba, su Giants ɗin wa ya tsara musu tsaron baya a 1986 da 1990? Ba Belichick ɗin ba ne? Da waɗannan zobensa na cin kofi 8 ke nan.

Malamin Lissafi: Ku bi ni a hankali. Idan ana son auna koci, sai a cire masa gwarzonsa a ga abin da ya rage. Belichick ya riƙe Cleveland daga 1991 zuwa 1995, ya ci 36 aka ci shi 44. Bayan tafiyar Tom Brady, gwarzon mai jefa ƙwallo na Patriots, ya yi kaka huɗu, ya ci 29 aka ci shi 38, ta ƙarshen ma 4 da 13 ya tashi. Shi kuwa Brady yana sauka Tampa ya ɗaga kofi a kakarsa ta farko. To ruwan na randa ne ko na tulu? Ni in ɗana ne, Joe Gibbs zan ce ya ɗauka. Kofi uku ya ci da Washinton, kowanne da mai jefa ƙwallo dabam: Joe Theismann a kakar 1982, Doug Williams a 1987, Mark Rypien a 1991. Babu wani koci da ya taɓa yin haka. Williams ɗin nan ma shi ne baƙar fata na farko da ya ja ƙungiya a wannan matsayi ya ci Super Bowl, suka casa Denver 42 da 10. Ga hujja mai sauƙin rubutawa, kuma malamin ajin zai ga yaron ya yi tunani, ba bin yarima ya yi a sha kiɗa ba.

Ɗan Boston: Malam, ka tsallake 2008. A wasan farko gwiwar Brady ta tafi, aka sa Matt Cassel, aka ci 11 aka faɗi 5. Kuma wa ya tsinto Brady ɗin? Mutum 198 aka zaɓa kafin shi a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2000. Sannan ka tuna tun 1994 aka sa wa ƙungiyoyi iyakar albashi, ba ka isa ka tara taurari ka riƙe su ba. A haka mutumin nan ya yi kusan shekara ashirin yana kan gaba. Ka je ka kalli wasansu da Rams a Fabrairun 2019. Ƙungiyar da ta saba zuba maki sama da talatin, maki 3 ta samu. Wannan ba hannun Brady ba ne, ƙwaƙwalwar koci ce.

Direban Bironks: Da kyamarar koci.

Ɗan Boston: Na san za a zo nan.

Direban Bironks: Dole a zo. An kama su a 2007 suna ɗaukar hoton alamun da kociyoyin Jets ke yi wa 'yan wasansu, aka ci shi tarar dala dubu 500. Yaro zai rubuta a kan mutum, ai sai ya rubuta har da wannan.

Na Sabon Gari: Ni fa abin da ke ɗaure min kai, wasan da ake rungumar ƙwallo a hammata a ce masa ƙwallon ƙafa. A kawo maganar Ferguson da Guardiola mu sa baki.

Ƙanin Kowa: Kawu, to me ya hana ka barci ƙarfe sha biyu da rabi na dare a Kano kana tambayarmu tashar da ake nunawa?

Na Sabon Gari: Zafi ne ya hana ni, babu wuta.

Hajiyar Indiyana: Ku yi haƙuri zan ɗan ja magana, don abin nan ya taɓa ni. Ɗana na biyu ya buga wa makarantarsu ta sakandare. Kocinsu mutum ne da duk garin ake ji da shi, kofuna jere a ofishinsa. Wani daren Juma'a ina zaune a benci cikin sanyi, na ga an yi karo da yaron nan, kai da kai, ƙarar hular ƙarfen har inda nake. Ya tashi yana tangaɗi, ya nufi ɓangaren abokan karawa, sai da wani ya juyo da shi. Ko minti biyar bai yi a waje ba mutumin nan ya dafa kafaɗarsa ya mayar da shi fili, wai maki uku ne tsakani. A hanyar gida ya yi amai a mota. Muna shiga ya ce in kashe fitila, idonsa ba ya so. Ƙanwarsa ta kawo masa ruwa, ya kalle ta ya tambaye ni wa ya ci wasan, na faɗa masa, can an jima ya sake tambaya. Sau huɗu. Nan jikina ya yi sanyi, muka kwasa sai asibiti. Likita ya ce ƙwaƙwalwa ce ta girgiza, kuma da ya sake shan wani bugun a daren, Allah kaɗai ya san yadda za ta kaya. Wata guda ba ya iya kallon allon waya. Kocin ko a waya bai kira ba. Tun daga ranar, in an ce min wane gwanin koci ne, ba kofi nake fara tambaya ba. Shi ya sa ni Tony Dungy ne nawa. Mutum ne da aka san shi ba ya zagi, ba ya daka wa 'yan wasa tsawa, ana ta cewa sanyinsa ya yi yawa ba zai kai ko'ina ba. Ya ɗaga Tampa daga ƙasa, suka sallame shi, ya zo nan Indiyana ya ci kofi da Colts a Fabrairun 2007, baƙar fata na farko da ya ci a matsayin babban koci. Kofinsa ɗaya ne, na sani. Amma shi zan iya ba amanar ɗana.

Baƙon Ohayo: Subhanallahi. Hajiya, ya jikin nasa yanzu?

Hajiyar Indiyana: Alhamdu lillahi, ya warke, yana jami'a. In naka ya ce zai buga, ka je ka zauna a wurin atisaye ka ga mutumin da idonka kafin ka sa hannu a takarda.

Malamin Lissafi: Allah ya ƙara lafiya. Gaskiya Hajiya ta kawo ma'aunin da ba ya cikin lissafina.

Dattijon Shikago: Allah ya tsare mana zuri'a. Yara, ku duka kun manta sunan da ke jikin kofin da kuke ƙirgawa. Vince Lombardi ya karɓi Green Bay a 1959, ƙungiyar da wasa ɗaya tak ta ci a kakar da ta gabata. A shekararsa ta farko ta ci 7. Daga 1961 zuwa 1967 ya zama zakara sau biyar, har da Super Bowl na farko da na biyu. A wasannin sili ɗaya ƙwale sau ɗaya aka taɓa doke shi, ya ci 9. Ni maƙwabcinsu ne kuma ba na son su, amma gaskiya ɗaya ce.

Ɗan Boston: Baba, da girmanka, lokacin ƙungiyoyi nawa ne? Yanzu 32 ne.

Dattijon Shikago: Kowa da zamaninsa ake auna shi, ɗana.

Ƙanin Kowa: Ba wanda zai ambaci Andy Reid? Kofi uku da Kansas, kuma shi kaɗai ne ya ci wasa ɗari-ɗari da ƙungiyoyi biyu.

Direban Bironks: Shekara 14 a Filadelfiya bai ɗaga komai ba, sai da ya koma Kansas ya samu mai jefa ƙwallo Mahomes. Kuma tsohon gidansa ya lallasa shi 40 da 22 a 2025.

Malamin Lissafi: In yawan nasara ake bi kuma, Don Shula ne a sama, ya ci wasa 347, Belichick 333. Kakarsa ta 1972 da Mayami, 17 ba faɗuwa har kofi, har yau ba a maimaita ba.

Mutumin Atlanta: Ni dai duk wanda za ku zaɓa, kada wanda ya rubuta min 28 da 3, wato Super Bowl ɗin da muke gaban Patriots da 28 da 3 suka zo suka cinye mu.

Ɗan Boston: Ban ce komai ba.

Mutumin Atlanta: Muna yadi na 22, saura minti huɗu da 'yan kai, muna gaba da maki 8. A ruga da ƙwallo sau uku, a buga da ƙafa ta shiga mu ƙara maki, shi ke nan. Sai aka ce a jefa. Har gobe ba na kallon maimaicin wasan nan.

Dattijon Shikago: Tsaya ma. Malam Baƙo, ba a Ohayo kake ba? Ai yaron yana zaune a kan amsar. Paul Brown. Sunansa ne ma ƙungiyar Cleveland take ɗauke da shi, shi ne kuma ya kafa Bengals. Zama da 'yan wasa a aji ana nazarin fim ɗin wasa, da yi musu jarrabawa a kan littafin dabaru, shi ya mayar da su al'ada. A 1946 ya ɗauki Marion Motley da Bill Willis lokacin da aka daɗe da rufe wa baƙar fata ƙofa. Shekara goma a jere yana zuwa wasan ƙarshe, ya ci bakwai. Bill Walsh na San Faransisko ma a ƙarƙashinsa ya yi aiki.

Baƙon Ohayo: Baba, na gode. Na karanta masa duka, ya ce malaminsu ma ɗan Browns ne, har da tuta a aji. Sai dai shi yanzu hankalinsa ya koma kan Dungy, yana tambaya ko Hajiya za ta yarda ya sa labarin ɗanta ba tare da suna ba.

Hajiyar Indiyana: Ya sa. Ka ce ya kira ni bayan Isha'i ta wayarka.

Na Sabon Gari: To wai a ƙarshe wa ya ci?

Direban Bironks: Ba Boston ba dai. Ƙanin Kowa, sunan nan na ran Lahadi ƙarfe nawa ne? Giants na da wasa ƙarfe ɗaya.