Neman shawara: In koma rubutu da Turanci ne, ko in riƙe Hausata?

'Yar Gusau:
Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta, da fatan an wuni lafiya. Wata damuwa ce ta hana ni sukuni, na ce bari in kawo ta gidan nan tunda akwai manya.

Shekara huɗu ke nan ina rubutu. A Wattpad, manhajar wallafa labarai, na fara, daga baya na koma sakin littafi a WhatsApp, shafi-shafi kullum bayan isha'i, kuma Alhamdu lillahi ina da masu karatu har daga Nijar da Ghana. To watan jiya na je wani taron marubuta a Kaduna, na zauna da matasa daga Legas da Inugu da wata 'yar Kenya, kowa na zancen mujallun da suka buga masa labari da gasar da ya shiga. Da aka zo kaina na ce da Hausa nake rubutu, sai ɗayansu ya ce, cikin mutunci dai, in ina so a san ni a Afirka to in koma Turanci.

Tun ranar alƙalamina ya tsaya. Na gwada wani gajeren labari da Turanci, sai ya fito kamar aikin makaranta. Akwai wata tsohuwa a ciki mai sayar da daddawa, wadda a Hausa in ta buɗe baki sai ka ji kamar kakarka ce, amma a Turanci duk gishirinta ya zube. Don Allah ku ba ni shawara. In daure in koma Turancin? In kuma na tsaya a Hausa, ta yaya labarina zai wuce waya?

Malamin Samaru:
Wa alaikumus salam 'yata. Wannan muhawara ta girme ki, ta ma kusa girmata. Ngugi wa Thiong'o na Kenya, wanda ya rasu a 2025, da Turanci ya yi suna, sannan ya koma Gikuyu, harshen uwarsa. Littafinsa na farko da harshen a kurkuku ya rubuta shi a 1978, a kan takardar banɗaki. A 2016 wasu matasan marubuta masu kiran kansu Jalada suka ɗauki wani gajeren labarinsa na Gikuyu, aka fassara shi zuwa harsunan Afirka sama da talatin. A gida ma, littafin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da ta rubuta da Hausa, wani kamfani a Indiya ne ya buga fassararsa ta Turanci a 2012. Kin ga akwai hanya, sunanta fassara.

Sai dai in faɗa miki abin da ba ki tambaya ba. Ni a ganina ba harshe ne ya raba ki da yaran nan da kika zauna da su ba. Su in sun rubuta labari sai sun juya shi sau biyar sau shida, edita ya tsefe shi, kafin kowa ya gani. Ke kuwa shafin da kika rubuta da magariba, da isha'i ya fita, masu karatu na ta kiran a ƙaro. Yaushe za a samu damar gyara? Mai fassara ba zai ɗauki aikin da mai shi bai gama ba. Ki ware labari ɗaya tak, ki ɓoye shi wata biyu kina gyara.

Bajoshe:
Malam ya yi gaskiya, amma bari in sa baki tunda ni da Turanci nake yi. Kada a ɗauka wanda ya zaɓi Turanci ya ci amanar gida. Abubakar Adam Ibrahim rayuwar Hausawa ya rubuta da Turanci, ya ci kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG, ta dala 100,000, a 2016. Abin da zan ce miki, 'yar uwa, shi ne kada maganar mutum ɗaya a wurin taro ta sauya miki harshe. Turancin adabi sai an shekara da shekaru ana karatu kunne ya saba. In kina so ki koya, ki koya, ba tare da kin ajiye wanda kika iya ba.

Kuma gasar gajerun labarai ta Commonwealth tana karɓar labarin da aka fassara zuwa Turanci, kalma 2,000 zuwa 5,000, ba a biyan ko kobo wajen shiga.

Antin Gwammaja:
Ƙanwata, kin taɓa shiga gasar gajerun labarai ta Hikayata kuwa? Tun 2016 BBC Hausa ke shirya ta don mata, kalma 1,000 zuwa 1,500. Ni sau biyu na shiga ban kai ko'ina ba, amma a nan na koyi yanke surutu, don mun saba da littafi mai shafi ɗari biyu. Sannan ki kula da ƙa'idojin rubutu: ƙ da ɗ da ɓ, da raba kalmomi. Hausar waya ba ta zuwa gaban alƙalai. Kuma duk wanda ya ce ki turo kuɗi zai kai littafinki waje, ki yi taka-tsantsan, an cuci mutane da yawa ta nan.

Ɗan Maraɗi:
Hajiya, in kin koma Turanci mu kin bar mu ke nan. Matata da ƙannena mata duk littattafan Hausa na Najeriya suke karantawa a waya, su ba Turanci, Faransancin ma kaɗan-kaɗan. Gasar Commonwealth ɗin nan ma ba ta shafe mu ba, Nijar ba ta cikin ƙungiyar. Kuma tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a wajenmu. Afirkan da ake cewa za ta san ki, ai mu ma muna cikinta.

'Yar Gusau:
Allah Ya saka da alheri, wallahi na ji sanyi. Malam, maganarka ta taɓa ni, don ban taɓa sake karanta shafi kafin in sake shi ba. Zan kammala littafin da na faro saboda masu jira, sannan in zauna da labarin mai daddawa, da Hausa. In na gama zan turo maka ka duba mini, in ba damuwa. Yaya Bajoshe, za ka iya gwada fassara shi?

Bajoshe:
Zan gwada in sha Allah, bayan Malam ya gama da shi. Amma ki shirya, duk karin maganar da tsohuwar nan ta yi sai na kira ki mun zauna a kansa, don wasu ban san yadda zan yi da su ba.