Boris mai allurai ya ƙi fita daga hannun gaba na Mini, a taimaka

Mai Mini 78: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau kwana huɗu ke nan ina fama, har barci ya ƙaurace mini. Motar Mini ce ƙirar 1978, ta mahaifina ce, Allah ya jiƙansa. Shekara 11 tana ajiye ƙarƙashin tamfol, ƙannena suna ta cewa a sayar wa masu gwangwan, ni kuwa na ce muddin ina numfashi ba za a yi haka ba, don a cikinta ya koya mini tuƙi. Na tayar da injin, na gyara birki, na sake wayoyin fitila ɗaya bayan ɗaya. Ran da na fara fita da ita sai na ji ƙwas-ƙwas a gaba ta dama. Na matse robar nan da take zaman sifirin, na zare shaf, wato sandar da hannun yake juyawa a kanta, na fito da hannun sama, ƙarfen da yake riƙe da tayar gaba daga sama. Alluran boris ɗin, wato siraran ƙarafan da suke birgima a cikinsa, suka zubo a tafin hannuna jawur da tsatsa, wasu ma sun zama gari. Kwanson boris ɗin ne ya manne a rami. Na zura sandar ƙarfe ta ɗaya gefen na buga, sai leɓensa ya ɓalle, yanzu babu inda sandar za ta kama. Yaya zan yi?

Tsohon Bakanike: Wa alaikumus salam. Ɗana, ajiye gudumar nan. Walda ce maganinsa. Ka zagaya cikin kwanson da ɗigon walda, ka bar shi ya huce. Walda in ta huce tsukewa take yi, sai ta jawo kwanson ciki, ka ga ya faɗo da ɗan taɓawa. Na fi shekara 30 ina yin haka.

Ɗan Koyo: Baba, da girmamawa, wannan dabarar ai ta boris mai kaurin zobe ce. Kwanson mai allurai siriri ne ƙwarai, wuta za ta huda shi ta like shi da jikin hannun. Malam, ka nemo kusar nan mai buɗewa da ake kafa abu da ita a kankare, ka sa ta cikin kwanson ka ɗaure har ta cije, sannan ka bugo ta daga baya.

Tsohon Bakanike: Wanda bai iya riƙe wuta ba shi ne yake hudawa. Kusar kuma buɗa kwanson take yi, ta ƙara manna shi da bango. Walda na ce.

Mai Mini 78: Na gode Baba, amma ba ni da injin walda. Bugun da na yi kuma ba na hauka ba ne, a hankali na bi, sai da na jiƙa shi da kalanzir kwana biyu.

Uwar Gareji: Ɗan'uwa, ba ka faɗa mana ba, duka biyun ne suka ƙi ko ɗaya? Kowane hannu boris biyu ne a ciki, ɗaya a kowane baki. Kuma yaya shaf ɗin yake? Alluran a kansa suke birgima kai tsaye, in sun yi masa zane ko rami, sabon boris ba zai daɗe ba.

Mai Shuɗiyar Mota: Ni wannan maganar ta tayar mini da tsohon miki. Na kai hannun tawa motar wani gareji, yaron ya sa kurfi ya yi ta sara har ya ƙwaƙule ramin. Sabon boris yana shiga yana fita da yatsa. Da na yi magana aka ce wai dama haka ya zo. Wata uku motata tana kan jak kafin in samu wani hannun. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Tsohon Bakanike: To ka ji. Shi ya sa na ce babu kurfi, babu guduma. Kuma duk wannan rashin giris ne ya jawo. Akwai nonon giris a jikin hannun, mutane ba sa waiwayarsa sai ƙara ta fara. In ka zo sa sabo, kada ka buga shi. Dogon bol da noti da washa za ka sa ka jawo shi a hankali, gefen da yake da rubutu yana kallon waje, don ta nan aka yi shi a danna.

Ɗan Koyo: A nan kam na yarda da Baba. Amma wajen cirewa akwai wata hanyar: ƙaramar giranda mai siririn baki, ka ci kwanson a layi ɗaya har ya kusa hudewa, sai ka lanƙwasa shi ciki da fanci. Magagari ba zai ci shi ba, ƙarfen mai tauri ne.

Mai Mini 78: Hajiya, shaf ɗin lafiyarsa ƙalau, ɗan duhu ne kawai a wuri biyu, na goge shi da sanfefa. Ba na son canza abin da mahaifina ya bari sai dole. Maganar giris kuma, shi mutum ne mai kula da mota, zaman da ta yi ne ya ɓata ta.

Uwar Gareji: Allah ya jiƙan mahaifinka. Amma ka bi wurin duhun da farce. In farcenka ya tsaya, shaf ɗin ya gama aiki. Kuma har yanzu ba ka ce ɗaya ne ko biyu ba.

Tsohon Bakanike: Ka kai wa mai walda, minti biyar ne.

Mai Mini 78: Ina tsoron wuta a jikin hannun nan gaskiya. Na samo kusa mai buɗewa da yamman nan, na ɗaure, na buga sau uku ta zame ta fito da ɓarɓashi. Ko girmanta ne bai kai ba? Akwai wanda ya san lambar da ta dace?