Shin ɓera ma yana jin kaɗaici?

Aminu: Jama'a, jiya a aji aka ce mana wai an gano ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ke sa ɓera jin kaɗaici, kuma wai na dofamin ne. Ni dai ban gamsu ba. Dofamin ai sinadarin jin daɗi ne. Ta ina abin daɗi zai zama tushen kewa?

Malama Hadiza: Aminu, kuskuren daga wannan laƙabin na "sinadarin daɗi" ya faro. Kent Berridge na Jami'ar Michigan ya daɗe da nuna cewa ɓeran da aka ƙarar masa da dofamin, in ka ɗiga masa ruwan sukari a baki, yana lasar leɓe kamar kowane ɓera. Daɗin yana nan. Abin da ya rasa shi ne tashi ya nemi abincin.

Aminu: To Malama, binciken Jami'ar Stanford na 2014 fa? A ɗakin gwajin Karl Deisseroth sun saka siririn zare mai kai haske cikin kan ɓera, suka kunna ƙwayoyin dofamin na wani yankin ƙwaƙwalwa da ake kira VTA, sai ɓeran ya ƙara shinshinar ɗan'uwansa. Wannan ba daɗi ba ne?

Malama Hadiza: Haka aka yi. Amma ƙwayoyin dofamin ba wuri ɗaya suke ba. Waɗanda aka yi muku magana a kansu suna wani yanki daban da ake kira dorsal raphe, kuma aikin Gillian Matthews ne da Kay Tye, lokacin suna jami'ar MIT ta Amurka, ya fito a 2016. Yadda aka gano su ma abin lura ne. Matthews tana Landan tana nazarin tasirin hodar ibilis, sai ta ga ɓerayen da aka yi wa allurar ruwan gishiri kawai, ba hodar ba, su ma waɗannan ƙwayoyin nasu sun canza. Da aka bi diddigi, ashe ware su da aka yi awa 24 a keji, kowa shi kaɗai, shi ne sanadi. Daga baya aka kunna ƙwayoyin da haske: in akwai wani ɓera kusa, sai ya nufe shi. In kuwa babu kowa, sai ya ƙaurace wa ɓangaren akwatin da ake kunna masa hasken. Wa yake gudun abin da ke masa daɗi? Wannan ya fi kama da yunwa.

Malam Bala: Hadiza, ban musa ko ɗaya daga cikin abin da kika faɗa ba. Kalmar "kaɗaici" ce nake ja da ita. An ga ɓera ya matsa nan, ya guji can. Ba wanda ya shiga zuciyarsa. Ni na yi shekaru ina kula da ɓerayen gwaji, na sha ganin wanda aka ware ya koma cikin 'yan'uwansa yana bin su da hanci ba hutawa. Tausayinsa nake ji har raina, amma tausayina ba hujja ba ce.

Zainab: Baba Bala, ai an gwada a mutane. A wani bincike da ya fito a 2020, a MIT ɗin dai, an ware mutane awa 10, wata ranar kuma aka hana su abinci awa 10. Da aka nuna musu hoton jama'a bayan kaɗaicin, tsakiyar ƙwaƙwalwarsu ta motsa kusan yadda ta motsa da hoton abinci bayan yunwa. Su kuma da bakinsu suka ce suna kewar mutane.

Malam Bala: 'Yata, na'urar da aka duba su da ita yanki take nunawa, ba ƙwaya ɗaya-ɗaya ba. Kuma ba ainihin wurin da aka taɓa a ɓera ba ne.

Aminu: Na janye maganar daɗi. Amma a kan sunan ina bayan Malam Bala.

Malama Hadiza: Ku kira shi abin da kuka ga dama. Sai dai ku bayyana min wannan: a binciken 2016 ɗin, ɓerayen da suka fi iko a keji su hasken ya fi yi wa tasiri, ba waɗanda ake dannewa ba. Malam Bala, kai da ka san zaman keji, me ya sa?